Yadda Muka Kai Injin Kawu Damagaram

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a ƙofar masallaci, har wajen mai shayin bakin tasha, maganar ɗaya ce: "Malam Habu, wai da gaske har Damagaram kuka kai injin ban-ruwa gyara, ga Kano a ƙofar gida?" In na fara ba da amsa sai a buga ƙararrawar shiga aji, ko wani ya katse ni da tambayar yadda atamfa take a can. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa. Sai dai in nemi afuwa tun da wuri. Ban daɗe a garin ba, layi guda kawai zan ce na sani, shi ma sanin shanu, baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne. In wani Badamagare ya karanta ya ga kuskure, nawa ne, ba na garinsu ba.

Injin na Kawu Sale ne, wan mahaifiyata, wanda a hannunsa na tashi. Yana da lambu a fadamar bayan Roni, kuma tun ina yaro da jigo yake ba shi ruwa. Bana ya yi abin da ban taɓa zaton zai yi ba. Ya sayar da shanun nomansa, ya sayi tsohon inji a hannun wani mutumin Nijar, ya faɗaɗa lambun har inda jigo ba zai taɓa kaiwa ba, ya dasa albasa tun daga bakin tafki har kan iyaka. Albasa ta kama, ta yi kore shar, ta fara sa kai, sai injin ya yi tari, ya fitar da farin hayaƙi, ya yi shiru. Ado, babban ɗan Kawu, da ƙannensa suka koma jigo da guga, amma hannu ba ya kai ruwa inda inji ke kaiwa. Komayen da ke nesa da tafki suka fara sunkuyar da kai. In suka mutu, Kawu ba shanu ba albasa, ga damina tana tafe.

Ba wai ba mu fara da Kano ba. Amma kun san yadda abubuwa suka koma tun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasar nan. Makanike na farko ko durƙusawa bai yi ba, ya ce, "Alhaji, wa ke wahalar da kansa da irin wannan yanzu? Sayi sabo mana." Masu kanti kuma suka ce sababbin suna cikin jirgin ruwa a Legas, ba su san ranar sauka ba. Wani dattijo ya gwada tsakaninsa da Allah, ya cire wani ƙarfe da ya ga ya cinye ya sa nasa, injin ya ƙara rikicewa. Shi ne ya goge hannu ya ce, "Ƙirar Faransa ce. Ku kai shi inda ake jin yarensa." Kawu ya dube ni. Ni na yi jami'a, ni na ɗan taɓa Faransanci a sakandare, don haka ni ne ɗan rakiya. Na nemi izini wajen shugaban makarantarmu, na bar wa ɗalibai aikin da ya fi ƙarfin kwanakin da zan yi, don kada a ce na bar aji haka nan.

Daga Kazaure muka shiga a-kori-kura mai zuwa Babura. Rigimar farko a tasha aka yi ta. Ɗan kamasho ya ce inji sama, Kawu ya ce ko sama ko ƙasa, injinsa ba zai hau kan mota rana ta dake shi ba. Ya naɗe shi da tsohon bargo, ya ƙara da tabarma, ya ɗaure da igiya, ya kwantar da shi a tsakiyar mota, ya dafa shi da hannu biyu. A Kanya Babba wata tsohuwa ta shigo, ta ga abu naɗe a tabarma da dattijo a kansa ya yi jugum, sai ta yi salati ta ce, "Allah ya jiƙansa, Malam. Yaro ne?"

Kawu ya ce, "Bai cika ba tukuna, Iya, suma ya yi."

Mota ta kwashe da dariya. Tsohuwar ta leƙa ta ga ƙarfe, ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe, an fara yi wa baƙin ƙarfe jinya. Ni ban iya dariya sosai ba. Hankalina yana kan ambulan ɗin takardun da ke aljihuna, da kalmomin Faransancin da nake ta bitar su a zuci.

A iyaka, ɓangarenmu ba wanda ya kula mu, idonsu na kan manyan motocin kaya. Ɓangarensu kuwa shiru kamar ajin jarrabawa. Jandarma, wato ɗan sandansu, ya sa kowa ya sauka ya shiga layi, har tsofaffi. Da aka zo kaina na gyara murya na saki gaisuwar da na haddace. Ya saurara har na gama, sannan ya ce da Hausa tangaran, "Malam, yi Hausa mu gama da wuri." Ina jin bai yi don ya kunyata ni ba, amma na ji kunya. Ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya tsaya a kan injin ya tambaya ko na sayarwa ne. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan ƙasarku ne, jinya muka kawo shi gida." Mutumin ya sa aka kwance tabarmar, ya juya hannun tayarwa, ya shinshina bututun hayaƙi, ya yi masa alama da alli. Ya ce, "In kun isa ku tambayi layin makanikai, ku ce Lawali mai kunne kuke nema." Abin ya ba ni mamaki, a ce ma'aikacin iyaka ya san sunan mai gyara a wani gari mai nisa. Daga baya na ga ba abin mamaki ba ne, rabin kayan da ke wucewa ta gabansa can suke nufa.

A Magarya muka sauya mota, a nan kuma Kawu ya fara haɗuwa da burodinsu, dogo siriri mai tauri. Ya juya shi ya ce, "Habu, wannan na ci ne ko na kora awaki?" Da ya tsoma shi a kofi mai madara sai ya cinye shi, ya ƙara wani. A nan ne kuma na fara ganin al'adar da ta fi tayar mini da hankali a tafiyar duka. Da rana ta take, gari ya rufe. Kanti, ofis, har masu mota, kowa ya nemi inuwa ya kwanta sai wajen la'asar. Mu da muka saba kasuwa tana ci rana tsaka, sai muka zauna muna kallon direba yana minshari a ƙarƙashin motarsa, ni kuwa ina tunanin ranar nan ita ce ke kan albasar Kawu.

A Damagaram wani mai kura ya ɗauki injin, bai ma tambaye mu masauki ba ya kai mu gidan wata dattijuwa, Ya Falmata, a bayan layin makanikai. Babarbariya ce, mijinta ya rasu, ta yanka gidan ɗaki-ɗaki tana saukar da masu kawo gyara. Tsakar gidan cike da injuna, na niƙa, na ruwa, na ɗinki, kowanne da ƙyallen da mai shi ya ɗaura masa don shaida. Kawu kuwa Bafillace ne, kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tana jin Kawu ya yi sallama ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe Bafillace ya shigo? Ina shanun?"

Kawu ya ce, "Na sayar na sayi ƙarfe. Ke dai kawo wa ubangijinki ruwa, baiwa."

"Bawa ke kiran wani bawa. Shiga ɗakin can, kada ka taɓa mini nono."

Da haka muka zama 'yan gida. Ta kawo burabusko da miyar yakuwa da man shanu, Kawu ya ce ba daɗi, ya sa aka ƙara masa.

Washegari da safe muka shiga layin. Ban san yadda zan kwatanta muku shi daidai ba. Ba shi da faɗi, ba shi da kyan gani, ƙasarsa baƙa ce don mai. Abin da ya fara jan hankalina shi ne kusan ba abin sayarwa a cikinsa. A kasuwar Kazaure in ka ga rumfa za ka ga kaya. Nan sai ka ga rumfa, ka ga benci, ka ga mutum da ɗan akwatin kayan aiki, shi ke nan. Hajarsa tana cikin kansa da yatsunsa.

Malam Lawali gajere ne mai furfura, ba ya son magana. Ya sa Kawu ya juya injin, shi kuwa ya dafa kan wata 'yar sanda a jikin ƙarfen, ya sa ɗaya kan a kunnensa, ya rufe ido. Ya matsar da sandar nan, ya matsar da ita can. Sannan ya kwance abin da zai kwance, ya zuba a kwanoni biyu, ya ce, "Wannan na Isufu mai famfo ne, can ƙarshen layi. Wannan kuma na Garba mai juya ƙarfe. In sun gama ku dawo." Ya juya ya kama injin wani.

Na ga fuskar Kawu ta sauya. Sai mai karatu ya tuna yadda muke a gida kafin ya fahimci dalili. Gidanmu yana da maƙerinsa, yana da wanzaminsa, yana da maginin da ke yi masa yaɓe, kuma iyayensu ne suka yi wa iyayenmu. Ba ka ɗauke fartanya daga hannun maƙerinka ka kai wa wani. In kuwa shi da bakinsa ya ce maka ka kai wa wani, to ya yanke hulɗa da kai ne, sai ka bincika laifin da ka yi masa. Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Me muka yi wa bawan Allahn nan? Ko gaisuwar ce ba ta cika ba?"

Ni kuma nawa tunanin daban ne, kodayake bai fi nasa daidai ba. Tattalin arziki na karanta, na kuma karanta yadda masu sana'a ɗaya kan haɗa baki su tatsi baƙo, wannan ya miƙa wa wancan. Na ce a raina watakila abin da ke faruwa ke nan. Don haka da Kawu ya ce ba inda za mu, a hannun Malam Lawali muka fara a hannunsa za mu ƙare, ban musa ba. Ya sayo goro fari mai kyau, muka koma muka zauna a bencin, kwanoni a gabanmu.

Malam Lawali ya karɓi goron da hannu biyu ya ce, "Na gode, Alhaji. Har kun je wajen Isufu?"

Kawu ya ce, "Muna nan wajenka dai."

"To, madalla."

Ya ci gaba da aikinsa. Rana ta take, layi ya rufe, muka zauna. La'asar ta yi, layi ya buɗe, muna zaune. Kashegari Kawu ya ƙara da ƙullin sukari da ganyen shayi. Malam Lawali ya sake godiya, ya dube mu ya dubi kwanonin, na ga kamar zai yi magana, kunya ta hana shi. Daga baya ya gaya mini ya zaci wani muke jira daga gida, ko kuwa haka mutanen Najeriya suke, sai sun huta kafin su fara komai. Ni dai duk lomar da na ɗauka sai in ga Ado da guga.

Ya Falmata ce ta raba gardamar. Da tsakar rana muka shigo da kwanoninmu kamar yadda muka fita da su, ta tsaya da muciya a hannu ta ce, "Tsaya, Bafillace. Kwanonin nan tallarsu kake yi? Jiya ka fita da su ka dawo da su, yau ma haka."

Kawu ya gaya mata abin da ke ransa, cikin nutsuwa, har da cewa shi bai saba cin amanar mai sana'a ba. Ta ajiye muciya ta yi dariya har ta dafa bango.

"Wayyo ni Falmata! Lawali kake biko kamar matar da ta yi yaji? Shi kunne gare shi, ba ya taɓa famfo. Ko ɗansa ya kawo, Isufu zai tura shi. Nan layin wanda ya ce maka ya iya komai, shi ake gudu. Da ya riƙe muku injin, da shi ne ya cuce ku."

Na yi ƙarfin hali na tambaya, a kaikaice, ko ba a samun su haɗa kai su wahalar da baƙo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai karatun? Ɗana, mijina shekarunsa a layin nan ya yi su. Aikin da mutum ɗaya ya yi a ɓoye shi ake cuta a ciki. Wanda ya bi ta hannu biyar, in ɗaya ya yi ha'inci, na gaba da shi zai gani, kafin la'asar mai shayi ya ji. Wa zai sake tura masa aiki? Ku ci abinci ku tashi, ana buɗe layi ku zama na farko."

Daga nan komai ya tafi da sauri har ya ba ni tsoro. Isufu mai famfo yana aiki a wani ɗan ɗaki da ya lulluɓe da farin ƙyalle, ba ya bari a shiga da takalmi, don ya ce ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe famfon mai. Ya duba namu a hasken taga ya ce bakin da ke fesa mai ne ya toshe ya kuma ci, zai goge shi. Yana cikin yi ya leƙa ta taga ya kira wani, "Kai Sanda, zo ka ga irin wanda na gaya maka." Sanda kuwa, na gane daga baya, shi ma mai famfo ne, rumfarsa tana kallon ta Isufu. Kishiyarsa a sana'a ke nan, ya kira shi ya nuna masa. Kawu ya taɓa ni ya ce a hankali, "Ka ga wauta? Yana koya wa mai ƙwace masa abinci." Isufu ya ji, ya ce, "Alhaji, jibi wani zai zo da wanda ban taɓa gani ba, shi kuma ya gani. In na rufe taga yau, wa zan kira?"

A wajen Garba mai juya ƙarfe aka sami cikas. Ƙarfen nan da dattijon Kano ya sa, Garba ya auna shi ya sake aunawa, ya ce zarensa bai dace da komai ba. Aka aika a kira Malam Haruna mai littafi. Wannan shi ne mutumin da ya fi tsaya mini a rai. Tsohon akawu ne, yana da rumfa da akwati cike da littattafan injuna na Faransanci, kuma sana'arsa ita ce karatu. Makanike ya zo ya ce kaza nake nema, ya buɗa ya karanta masa da Hausa, a sallame shi. Ban taɓa ganin wanda ke cin abinci da karatu tsagwaronsa haka ba, ba aji ba ofis. Ya duba littattafansa, bai sami awon ba. Ni kuwa ina tsaye ina ta shawara da zuciyata, in yi magana ko kada in yi, kada in faɗi abin da ba haka ba a gaban masana. Daga ƙarshe na ce, "Ku gafarce ni, ban sani ba ko zai taimaka, amma a Kano aka sa shi, watakila awon Ingila ne, na inci." Garba ya miƙo mini ma'auni. Na mayar masa da incin zuwa milimita a jikin bango da alli, lissafin da ɗan aji uku zai yi. Ya duba ya ce, "Shi ne. An sa wa Bafaranshe wandon Bature." Ya yanka sabon ƙarfe a kan awon asali, muna tsaye.

Kafin in ankara labari ya zaga layi cewa akwai mai jin Ingilishi a rumfar Garba. Ashe injunan da ake sayowa daga wajenmu suna zuwa da littattafansu, ba mai karanta su. Wannan ya kawo nasa, wancan ya kawo nasa, wani duk mai ya jiƙa shi. Malam Haruna ya matsa mini a bencinsa, na wuni ina karantawa ina fassarawa, ina cewa "ina jin nufinsa kaza ne," su kuma suna cewa "ci gaba, mun gane." Sau da yawa kafin in ƙarasa jimla sun riga ni, don su sun san ƙarfen, kalmar ce kawai ba su da ita. Kawu ya zauna a gefe yana taunar goro, duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Ɗan ƙanwata ne. Ni na sa shi a boko." Malam Haruna ya ce in zan zauna, rabin rumfar tawa ce, shi Faransanci ni Ingilishi. Na yi godiya na ce ina da ɗalibai. Amma ba zan ɓoye ba, maganar ta kwana biyu tana yi mini yawo a ka.

A jami'a an koya mana cewa arzikin gari yana ga ƙasa, da jari, da kayan aiki. Ban ce ƙarya ba ne. Sai dai a layin nan ban ga jari mai yawa ba, kayan aikinsu ma tsofaffi ne, duk da haka mutane suna tahowa daga nesa, har da mu. In na fahimta daidai, abin da ke jawo su shi ne sanin da ke yawo tsakanin rumfunan. In ka ɗauke Malam Lawali ka kai shi garin Gwiwa can wajenmu shi kaɗai, zai ji ciwon injin, amma wa zai tura wa? Kuma ba makanikai kaɗai ke ci ba. Ya Falmata da layin take riƙe gida. Masu kura, masu abinci, mai shayi, duk da shi suke. Akwai wani Ɗan Baduku da iyayensa jaka da kube suke ɗinkawa, shi kuwa yanzu fata da kwali yake yankawa, irin wadda ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don kada mai ya yoyo. Mu a gida kowa yana rufe saninsa sai ɗan cikinsa, in ɗan ya tafi Kano aikin albashi sanin ya bi uban kabari. Yanzu kuma ga kuɗin mai sun koya mana yar da abu tun bai mutu ba. Ban san inda wannan zai kai mu ba, ba na kuma son in yi wa ƙasata baki.

Don kada a ce na ga alheri kaɗai, akwai abin da na ji da bai yi mini daɗi ba. Wani maƙwabcin ɗakinmu da ya kawo injin niƙa daga wani ƙauye ya ce da suna da mai gyara a garinsu, amma ya tattara ya dawo layin, don nan aiki yake. Yanzu ko noti ya kwance sai sun yi tafiyar yini, mata kuma sun koma turmi har ya dawo. Ya Falmata ma ta ce maƙwabtanta na da duk sun tashi, haya ta kore su, rijiyar unguwar kuma ta fara warin mai. Wannan gefen ban san maganinsa ba, ban kuma ji wanda ya ce ya sani ba.

Al'adarsu ta ƙarshe ita ce ta fi burge ni. Ba a sallamar inji sai duk wanda ya sa masa hannu ya zo ya ji kukansa. Da Malam Lawali ya haɗa namu, ya aika aka kira Isufu, da Garba, da Malam Haruna, da Ɗan Baduku, aka ce ni ma in matso, ai na taɓa. Aka cika ganga da ruwa aka tsoma tiyo. Kawu ya yi bisimilla ya juya. Injin ya kama, ya yi ƙara, ruwa ya taso, sai ga mai yana ɗiga ta gefe. Layi ya ɗauki ihu.

"Ɗan Baduku! Jakar mata ka ɗinka mana?"

"Ku bar shi, da almakashin matarsa ya yanka!"

Shi ma dariya yake. Ya durƙusa ya duba, ya ce fatar ta yi kauri a gefe guda, laifinsa ne, ya zare wuƙa ya yanka wata a wurin, kowa yana kallon yadda ya gyara. Aka sake tayarwa. Wannan karon ba ɗigo. Malam Lawali ya dafa sandarsa ya rufe ido, kowa ya yi shiru, sai can ya buɗe ya ce, "Ya warke." Aka kawo shayi. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da goro, ya zo kan Malam Lawali ya ce, "Malam, na zaci korata ka yi." Malam Lawali ya ce, "Ni kuma na zaci bencina kake so ka saya."

Ya Falmata ta ƙulla mana dabino da kilishi, ta ce wa Kawu in albasa ta yi ya aiko mata da buhu, kuɗin tarbiyyar da ta yi masa. Ya ce sai dai ta zo ta ɗauka a ka. Dawowa ba mu tsaya ko'ina ba sai inda mota ta tsaya, kuma duk inda ta tsaya sai Kawu ya sauka ya tsaya a kan direba. Daga Kazaure muka ɗauki shatar mota har bakin fadama, ko gida ba mu biya ba.

Ado ya taho a guje, ya rame, tafin hannunsa duk ya fashe. Bai gaishe mu sosai ba ya ce, "Baba, na kusa mun riƙe su. Na tsakiya da sauƙi. Na can ƙarshe tun shekaranjiya muka bar su, ba mu iya ba." Aka ɗora injin a mazauninsa, aka ja tiyo, ya juya. Ruwa ya fito ja da tsatsa, sannan ya washe, ya kama hanya. Kawu ya ɗauki fartanya ya bi shi, yana buɗe wa kowane komi baki, yana rufewa, har ya kai na ƙarshen, inda ganye ya kwanta ya yi ruwan ƙasa. Ado ya ce, "Baba, kada a ɓata mai a kan waɗannan."

Kawu ya durƙusa, ya tona gindin ɗaya da yatsa, ya matsa kan albasar. Ta lotse. Ya jefar, ya matsa gaba ya tona wata, ita ma haka. Layi biyu na bakin iyakar lambun duk haka suke. A na uku ya tona, ya matsa, ya daɗe yana matsawa, sannan ya mayar da ƙasa ya danne ta da tafin hannu.

Ya ce, "Daga nan zuwa tafki da rai. Waɗancan biyun mu sa alayyafo." Ya ɗaga kai ya gan ni tsaye a kan kunya da takalmin makaranta da ambulan a hannu. "Habu, cire takalmin nan ka kama bakin tiyo, ruwa yana zuba a banza."